Tsirkiya Ɗaya, Minti 90: Kaset ɗin Ɗan Maraya da Kawu Ya Bar Mini

A ƙasan akwatin da nake ajiye takardun makaranta da na haihuwar yara akwai wani tsohon kaset na TDK mai minti 90. Takardar da ke manne a jikinsa ta yi ja don tsufa. Da jan biro aka rubuta "Ɗan Maraya" a kai, daga nan ba a ƙara ko harafi ba: babu sunayen waƙoƙi, babu shekara, babu hoto. Na Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan bas tsakanin Jos da Bauchi. Duk wanda ya tambaye ni kundin waƙoƙin da na fi ƙauna, wannan kaset ɗin nake ambata masa, ko da yake na san akwai mai cewa ai wannan ba albam ba ne, tsince-tsince ne na mai shago.

Da gaskiyarsa. Amma mu a wancan zamani haka albam yake zuwar mana. Za ka shiga babbar kasuwar Taminus, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairun 2002, ka tarar da mai kaset zaune gaban rakoda mai baki biyu. Ka sayi sabon kaset wanda ba a ɗauki komai a kai ba, ka ce a cika maka shi da wane. Shi kuma ya duba abin da ke hannunsa, wata waƙar daga faifan garmaho aka kwaso ta, wata daga rediyo, ya jera su gwargwadon abin da zaren zai ɗauka, minti 45 a kowane gefe. Kai dai gobe ka dawo ka karɓa. Ke nan mutum biyu ne suka haɗa wannan kundi: mawaƙin, da mai shagon da ya jera. Kuma na daɗe da yarda cewa mai shagon nan mai kunne ne, don jerinsa ba na gaba-gaɗi ba ne. A gefen farko ya tara waƙoƙin neman abinci, "Karen Mota" da "Lebura" da "Mai Akwai da Babu". Da ka juya kaset sai ka tsinci kanka a cikin gida: "Jawabin Aure", "Auren Dole", "Gulma Wuya", sannan ya rufe da "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali". Tasha da kasuwa a gefe guda, tsakar gida a ɗaya gefen.

Na fara jin sa a hutun ƙarshen shekarar 1996, ina ɗan shekara 14. Mahaifiyata ta ga zaman banza ba zai yi mini ba, ta haɗa ni da Kawu in riƙa bin sa. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da ake nufi da wanke mota bayan sallar asuba: ka tsoma hannu a bokiti, yatsu su ƙage har ka kasa matse tsumma. Daga nan sai tashar Bauchi Road, a hau lodi. Buhunan dankalin Turawa da kabeji a saman bas, ka ɗaure su da igiyar roba, ka sauko ka kama kiran fasinja har murya ta dushe. In an tsaya a gangare kai ne mai dirowa ka sa weji. In taya ta yi faci kai ne a ƙarƙashi da jak.

A rana ta uku wani fasinja mai babbar riga ya ga na aza jakarsa inda bai so ba. Bai kira ni yaro ba, bai ce malam ba. Ya ce, "Kai karen mota, ba ka da hankali ne?" Mutane suka yi dariya. Na shiga na zauna a bakin ƙofa, maƙogwarona ya cushe, ina ƙoƙarin kada hawaye ya zubo. Kawu yana gani ta madubi, bai ce wa mutumin uffan ba. Sai da muka bar gari muka doshi Babale, ya ɗauko kaset ya tura, ya ce, "Ɗana, buɗe kunnenka. Yau da kai ake." Wata 'yar siririyar tsirkiya ta fara ƙara, murya ta biyo ta, sai ga sunan nan da aka zage ni da shi ɗazu ana rera shi a gaban mota cike da mutane, ana lissafa wahalar mai sunan ɗaya bayan ɗaya kamar ana lissafa yaƙoƙin wani barde. Mai babbar riga bai sake magana ba har Bauchi.

Shekaru da yawa ina ɗaukar abin a matsayin lallashi kawai. Sai da na girma na fahimci cewa abin da Ɗan Maraya ya yi a waƙar nan ya fi lallashi nisa, kuma ba a gane shi sai an tuna yadda aka raba kiɗa a ƙasar Hausa tun asali.

Kowane kiɗa da mai shi. Tambari na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne, da su irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Kalangu asalinsa na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Yabo kuwa haja ce mai tsada, ana biyan ta da riga da doki da kujerar Makka, kuma da asali ake gina shi: ɗan wane, jikan wane, wanda kakansa ya ci gari kaza. To karen mota fa? Sana'arsa baƙuwa ce, tare da mota ta zo, ba ta da gangar gado. Ba shi da kakan da za a ambata, ba shi da dokin da zai bayar, sunan sana'ar tasa ma zagi ne. Mawaƙin da ya ce zai yabe shi dole ya nemo wani abin da zai dafa, tunda babu asali. Ɗan Maraya ya dafa aikin. Ɗaukar kaya, turin mota, canjin taya, su ne suka zauna a mazaunin "ɗan wane jikan wane". A ganina wannan shi ne babban abin da gefen farko na kaset ɗin yake yi daga farko har ƙarshe: yana ɗauko kayan aikin fada ya kai su tasha.

Kuma ba da ka ya yi ba, don shi ma ɗan fada ne. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sarki ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali. Ya tashi yana jin yadda ake wasa mai mulki, ya san inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa. Sai dai ya san ɗayan gefen ma, na yaron da ba shi da uban da za a kira shi da sunansa. Ina jin waɗannan abubuwa biyu tare a muryarsa.

Sannan akwai maganar kuntigin kansa, wanda ya gani a wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro, ya dawo ya haɗa nasa. Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya ɗaya tal. Shi ke nan. Mutane sukan ambaci wannan don su nuna tawali'un mawaƙin, amma ni ina ganin akwai lissafin tattalin arziki a ciki wanda ba a cika kula da shi ba. Dubi Mamman Shata: makaɗan kalangu, 'yan amshi, sanƙira, direba. Ƙungiya irin wannan baki ne da yawa da ke jiran abinci, dole jagoranta ya je inda kuɗi yake. Mai kuntigi kuwa shi kaɗai ne, kayan aikinsa yana shiga ƙarƙashin riga. Wanda nauyinsa bai da yawa yana da sararin da zai tsaya ya yi wa lebura waƙa ba tare da tunanin wa zai ciyar da mutum goma a daren ba. Ban ce Ɗan Maraya bai yi wa manya waƙa ba. Ya yi, ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙoƙi a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya sami lambobin girma na ƙasa. Abin da nake cewa shi ne kuntigi ya ba shi zaɓin da mai babbar ƙungiya ba kasafai yake samu ba.

Rashin 'yan amshi ya sake jawo wani abu, a cikin ginin waƙar kanta. Waƙar baka ta Hausa a bisa al'ada tana tafiya ne da ƙafa biyu: jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su mayar da gindin waƙa, a wannan ɗan tsakanin shi kuma ya numfasa ya shirya ɗa na gaba. Ɗan Maraya ba shi da wanda zai karɓe shi. Saboda haka tsirkiyar ce take amshi. Ka saurara da kyau: idan ya ajiye magana, kuntigin yakan ɗauka daga inda ya tsaya, ya maimaita hawa da saukar abin da aka faɗa, ya riƙe wurin har numfashi ya dawo. Wannan yana yiwuwa ne saboda Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum a gane. Tsirkiya ɗaya ba za ta iya yin kiɗa mai rassa ba, amma tana iya bin sawun magana. Sakamakon haka babu inda kalma za ta ɓuya. A waƙar da fiyano da ganguna suka cika, baiti marar ma'ana yakan wuce ba a lura ba, rawa ta rufa masa asiri. A nan kuwa in baiti ya yi rauni kowa zai ji.

Wani ɗan ƙaramin abu da sai wanda ya zauna a gaban mota zai lura da shi: sautin kuntigi siriri ne mai kaifi, yana ratsa rugugin inji da iskar taga. Kawu yana da kaset ɗin wasu mawaƙan, amma da zarar bas ta kama hawa, ƙarar gangunansu takan narke cikin ƙarar inji, lasifikar motar ma ba ta iya ɗaukar ta. Na Ɗan Maraya kuwa har kujerar baya ana jin kowace kalma. Ina kyautata zaton wannan na cikin dalilan da suka sa direbobi suka riƙe shi.

Sai kuma Hausarsa. Waƙoƙin fada na Sakkwato da Zamfara suna da zurfin da sai ka nemi mai fassara, cike suke da tsofaffin kalmomi da habaicin da 'yan fada kaɗai ke ganewa, kuma nan ne daɗinsu yake. Ta Ɗan Maraya ba haka take ba, Hausar kasuwa ce, a miƙe, kuma garin da ya tashi ne ya sa ta zama haka. Bukuru da Jos garuruwan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe haƙar kuza mutane suke kwararowa daga Kano da Katsina da Barno da kudu, jirgin ƙasa na gabas ya iso a 1927, a tsakanin 1942 da 1944 kuma aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubban mutane da ƙarfi aka kawo su ramukan kuza saboda yaƙin duniya na biyu. Duk waɗannan, tare da Birom da Anaguta da Afizere da suka tarar, Hausa ce ta haɗa su a bakin rami da kasuwa. Mawaƙin da ya tashi a irin wannan wuri ya san cewa rabin masu sauraronsa ba da Hausa aka yi musu tawai ba. Kalmar "lebura" a nan ba kalmar littafi ba ce, kusan kowane gida akwai kakan da ya ɗauki kwanon ƙasa a ka. A cikin bas ɗin Kawu na ga mata masu zuwa coci da ɗankwalinsu suna bin waƙar da baki, tare da malamai masu carbi. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, da garin ya rabu unguwa-unguwa, wannan hoton yakan dawo mini da ciwo.

Gefe na biyu ya fi tayar da ƙura a mota. Yawanci wajen Magama ko Nabordo gefen farko yake ƙarewa, gwargwadon tsaye-tsayen da aka yi, Kawu ya zaro kaset ya juya da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari. A nan ne wata baiwar Ɗan Maraya take fitowa, wato sauya murya. Shi kaɗai zai zama miji, ya zama mata, ya zama tsohuwa, ya zama boka, ka rantse mutum huɗu ne a gaban makirfo. "Gulma Wuya" wasan kwaikwayo ne sukutum a maƙogwaro guda, labarin yadda gulma da haɗin baki da boka suke rusa auren mutane. Bai tsaya yana cewa gulma ba ta da kyau ba, ya bar ka ka ji ta da kunnenka tana aiki, ka gane muryar, don kowa ya san mai irinta a unguwarsu.

Wata rana "Auren Dole" tana ƙarewa, wata dattijuwa da ke bayan direba ta ce, "Direba, don Allah mayar mana da ita baya." Kawu ya ce, "To Inna," ya danna. Wani tsoho a gefe ya ce irin waɗannan waƙoƙi ne suke sa 'ya'ya mata su raina zaɓin iyaye. Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni aka yi wa. Shekara 13 gare ni." Motar ta yi tsit, sai tsirkiya kawai. Daga baya gardama ta ɓarke, maza da mata, har muka wuce Zaranda ba a gama ba. Abin da ba a iya faɗa a zaure gaban manya, waƙa ta buɗe masa ƙofa a cikin bas, tsakanin mutanen da ba za su sake haɗuwa ba.

Ba duka kaset ɗin nake so daidai ba. "Jawabin Aure" ita ce ta fi nisa da zuciyata, don a cikinta nasiha ta fi labari yawa, kuma Ɗan Maraya ya fi ƙarfi a inda yake nunawa, ba inda yake faɗa ba. Haka kuma 'ya'yana suna da hujja idan suka ce, "Baba, ai kiɗan duk iri ɗaya ne." Wanda ya zo neman kiɗa mai launi-launi zai gaji kafin minti 20. Kundin nan ba ya yarda a sa shi a bar shi yana yi a bayan hira. Ko dai ka ba shi kunne gaba ɗaya, ko ya zame maka ƙara.

Akwai kuma abin da yake damuna game da shi, wanda ban ga dalilin ɓoyewa ba. Kaset ɗin nan kwafi ne. Kuɗin da Kawu ya biya, mai shago ne ya ci, ko kwabo bai kai hannun mawaƙin ba, duk da cewa akwai dokar haƙƙin mallaka a lokacin. Hanyar da ta kai muryarsa kowace tasha da kowane teburin mai shayi, ita ce kuma ta hana shi cin moriyar sayar da ita. Mawaƙan zamaninsa da biki da taro da kyautar masoya suka rayu, kaset talla ne kawai. Mutumin da ya yi wa lebura waƙa a kan guminsa, mu masoyansa mun sha nasa gumin kyauta. Yau ma da ake tura waƙoƙinsa a memori kan 'yan nairori, ba a sauya ba.

Ina da waƙoƙin nan duka a waya yanzu, sautinsu ya fi na kaset tsabta. Amma waya ta warware jerin. Kowace waƙa ta zama ita kaɗai, ka taɓa ta zo, ka gaji ka tsallake. A kaset tsallakewa aiki ne, kuma yana cin batir, shi ya sa a gida da biro muke naɗe zare. Dole ka bi ta "Lebura" kafin ka kai "Mai Akwai da Babu", kuma idan ka iso ta da gajiyar leburan a kunnenka, maganar mai hali da marar hali takan yi wani nauyin da ba ta yi idan ka ɗauko ta ita kaɗai. Dole ka gama da tasha kafin ka shiga gida, kamar yadda ranar kowane mai nema take tafiya.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni 2015, a farkon azumi. Kawu ya riga ya ajiye tuƙi a lokacin, ido ya yi rauni. Bayan an sha ruwa na je gaishe shi, na tarar ya sa an ciro masa kaset ɗin yana juya shi a hannu, babu rakodar da za a sa shi a gidan. Ya miƙo mini ya ce, "Riƙe, kai ka san darajarsa."

Mai shagon nan ya yi kuskuren lissafi guda ɗaya. Waƙar ƙarshe ta fi sauran zaren tsawo, saboda haka "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" ba ta kai ƙarshe ba, ana tsakiyar baiti rakoda take yin ƙas ta tsaya. Haka muka san ta shekara da shekaru. A daren nan na nemo ta a waya na sa mana, muna zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa. Da muka iso daidai wurin da zaren yake ƙarewa, na ga Kawu ya ɗaga hannu kamar zai zaro kaset. Waƙar ta ci gaba. Ya sauke hannun a hankali, ya matso da kunnensa kusa da wayar, ya ce, "Ashe da saura."